Ciwon dajin tumbi: aikin likita, ruwan da ke taruwa, da danƙon da ke rage shi

 Yau za mu yi magana a kan wani ciwo mai tsanani, wato ciwon dajin tumbi. Wasu suna ce masa sankara, wasu kuma kansa. Za mu bayyana yadda ake yi masa aiki a asibiti, da dalilin da ya sa ruwa yake taruwa a ciki bayan aikin. Za mu kuma ba da labarin wani danƙo na musamman da likitoci suke shafawa domin rage wannan ruwa.

Dalilin wannan bayani a fili yake. Iyali sukan sayar da albasa, ko hatsi, ko bisashe, su kai mutuminsu asibiti. Bayan aiki sai su ga tiyo ya fito daga cikinsa, ruwa yana ɗiga cikin leda. Wanda bai san ma'anar wannan ba sai tsoro ya kama shi. Wani har ya ce a ɗauke mara lafiya a koma gida kafin lokaci. Nan ne ake asarar dukiya, a wasu lokuta har da rai.

Mene ne ciwon dajin tumbi?

Tumbi shi ne jakar da abinci yake sauka a ciki bayan mun haɗiye shi. A nan yake narkewa kafin ya wuce cikin hanji. Ciwon daji wata tsoka ce da take tsirowa a bangon tumbi ba bisa ƙa'ida ba. Tana girma a hankali, tana cin naman da ke kusa da ita. In an daɗe ba a cire ta ba, sai ta aika da irinta zuwa hanta da sauran sassan jiki.

Wannan ciwo ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. A ko'ina cikin duniya akwai shi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutum kusan miliyan 1 ne suka kamu da shi a wannan shekara. Kimanin 660,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Ya fi kama maza, kuma ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 50.

Me yake kawo shi?

Babban dalilinsa wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda ake kira Helikobakta. Wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ta a 1982. A 2005 aka ba su babbar kyautar Nobel saboda wannan aiki. Ƙwayar tana shiga jiki tun mutum yana yaro, ta hanyar baki, musamman inda ruwan sha ba shi da tsabta. Tana zama cikin tumbi shekara da shekaru. Ita ce take kawo yawancin gyambon ciki. Tun 1994 masana suka sa ta cikin jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Kada hankali ya tashi. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, amma kaɗan ne daga cikinsu, kamar 1 zuwa 3 cikin 100, suke kamuwa da ciwon daji. Kuma tana da magani. Likita yakan haɗa ƙwayoyi iri uku ko huɗu, a sha kwana 10 zuwa 14 ba fashi.

Akwai wasu abubuwan da suke ƙara haɗarin. Na farko shi ne yawan gishiri da abincin da aka adana da gishiri mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Sauran su ne shan taba, shan giya, da ƙarancin ganye da ƴaƴan itace cikin abinci. In wani a cikin dangi na kusa ya taɓa yin ciwon, sai a ƙara kula.

Alamomin da bai kamata a raina ba

Wahalar wannan ciwo ita ce yana farawa kamar ciwon ciki na yau da kullum. Mutum yakan ce gyambo ne, ya sayi ƙwaya wurin mai talla a kasuwa, ya ji sauƙi kwana biyu. Haka watanni za su wuce. Ga alamomin da suke cewa a tafi likita ba tare da jinkiri ba:

1. Ciwo a saman ciki, ƙarƙashin ƙirji, wanda ya ƙi wucewa.
2. Ƙoshi da wuri, bayan loma kaɗan.
3. Rama ba tare da dalili ba.
4. Amai bayan cin abinci, ko amai da jini.
5. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta.
6. Ƙarancin jini, kasala, da farin tafin hannu.
7. Abinci yana tsayawa a ƙirji wajen haɗiya.

Hanyar da ake bi sananniya ce. A fara da likitar CSI mafi kusa. Daga nan za a ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma a Madawa, ko Buza, ko Keita. In abin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibitin jaha a Tawa, ko manyan asibitocin Maraɗi da Yamai. Akwai kuma asibitin Galmi, kan hanyar Ƙwanni, wanda aka buɗe a 1950, inda ake yin aikin fiɗa tun da daɗewa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashin ciwon da na'ura a 2021.

Babban gwajin da ke nuna gaskiya shi ne leƙa tumbi. Ana zura wani siririn tiyo mai fitila ta baki, likita ya ga cikin tumbin da idonsa. In ya ga tsiro, sai ya tsinko ɗan kaɗan a kai ɗakin bincike. A ƙasar Koriya ta Kudu, ana kiran duk wanda ya kai shekara 40 ya yi gwaji kowace shekara 2. Shi ya sa suke kama ciwon yana ƙarami. A can, fiye da mutum 7 cikin 10 masu wannan ciwo suna nan da rai bayan shekara 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda ake yin aikin

Aikin yanke tumbi ba sabon abu ba ne. Wani likita mai suna Theodor Billroth ya fara yin sa cikin nasara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a 1881. Matar da ya yi wa aikin ta tashi, ta ci abinci. Amma ciwon ya riga ya yaɗu, bayan wata 4 ta rasu. Darasin da ke nan har yau bai canja ba: gwanintar likita tana amfani ne in an zo da wuri.

Likita yana cire ɓangaren tumbin da ya kamu, ko tumbin duka. Sannan ya jawo hanji ya haɗa da abin da ya rage, ya ɗinke, domin abinci ya sami hanya. Mutum yana iya rayuwa ba tumbi, in ya bi ƙa'idar cin abinci.

Ba tumbi kaɗai ake cirewa ba. Kowa ya san kaluluwa, wadda take kumbura a matsematsi ko a hammata in mutum ya ji rauni a ƙafa ko a hannu. Irin waɗannan ƴan ƙullutai suna nan da yawa kewaye da tumbi. Su ne zangon farko da ciwon daji yake sauka in ya tashi tafiya. Saboda haka likita yake kwashe su. Ƙa'ida ita ce a cire aƙalla 16 a bincika. Likitocin ƙasar Japan ne suka fi kowa gyara wannan hanya ta kwashe kaluluwa, sauran duniya suka koya daga gare su.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Mai noman albasa a kwarin Tarka zai gane wannan da sauri. A garka akwai babbar hanyar ruwa, akwai kuma ƙananan hanyoyi da suke kai ruwa kowane fangali. In aka haƙa rami a tsakiyar garka, an yanke ƙananan hanyoyin nan. Ko an toshe manya, ƙanana za su ci gaba da tsattsafo da ruwa cikin ramin.

Haka jikin mutum yake. Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran jijiyoyi da suke ɗauke da wani ruwa garai-garai, mai ɗan launin rawaya. Su ne suke haɗa kaluluwa da kaluluwa. Kowace rana lita 2 ko fiye na wannan ruwa suna bi ta cikinsu su koma cikin jini. In likita ya kwashe kaluluwa, dole ya yanke waɗannan jijiyoyi. Manyan yana ɗaure su da zare, ko ya ƙone bakinsu da na'ura. Amma wasu sun fi gashi siranta, ido ba ya ganinsu. Su ne suke yoyo bayan an rufe ciki.

Ruwan da ke fitowa iri-iri ne, kuma kowane da ma'anarsa. Ruwa ja-ja a ranakun farko, wanda yake komawa rawaya garai, wannan ba abin tsoro ba ne. Ruwa fari kamar madara yana nuna an taɓa jijiyar da ke ɗauko maiƙo daga hanji. Maganinsa sau da yawa shi ne a daina ba mara lafiya abinci mai mai har wurin ya rufe. Ruwa mai dauɗa, mai wari, ko mai launin kore, yana iya nuna ɗinkin hanji ya buɗe. Akwai kuma wata tsoka a bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. In ta ji rauni wajen aiki, ruwanta yana cin nama. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu haɗari.

In ruwa ya taru ya rasa mafita, ciki yakan kumbura. Ƙwayoyin cuta suna son ruwan da ke kwance, kamar yadda sauro yake son tabki. Sai ya zama mugunya, zazzaɓi ya tashi. Ruwan nan kuma yana fita da sinadarin gina jiki, mara lafiya ya ƙara rama. Shi ya sa likita yake barin tiyo a ciki. Tiyon yana fitar da ruwan, yana kuma ba likita labarin abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa. Ganin tiyo ba alamar aiki ya lalace ba ne. In ruwan ya ragu kuma launinsa ya yi kyau, sai a zare shi, galibi cikin mako guda.

Danƙon likita

Gyartai in ya ɗinke ƙwaryar da ta fashe, ɗinkin ne yake riƙe ta. Amma in ana son ta riƙe ruwa sosai, sai a bi bakin ɗinkin da abin da zai toshe ƙananan kafofi. Wannan tunani ne ya kai likitoci ga danƙo. Iri biyu ne suka fi shahara.

Na farko daga jinin mutum ake yin sa. Duk wanda ya taɓa yankewa da lauje ya ga yadda jini yake daskarewa ya rufe rauni. Sinadarai biyu ne cikin jini suke haɗuwa su yi wannan aiki. Masana sun tace su daga jinin da mutane suka bayar, bayan an gwada shi an tsarkake shi daga cututtuka. Ana zuba kowanne a sirinji dabam. In likita ya gama aiki, sai ya fesa su tare a wurin da ya kwashe kaluluwa. Nan da nan su haɗu su zama wani farin danƙo mai laushi, wanda ake kira fibirin. Yana manne wa nama ya rufe bakin siraran jijiyoyi. Bayan kamar mako 2 jiki yakan narkar da shi, lokacin nan naman ya fara haɗewa da kansa. An fara sayar da irin wannan danƙo a Turai a ƙarshen shekarun 1970. Amurka ta ba da izinin amfani da shi a 1998.

Na biyu ɗan'uwan danƙon nan ne mai kamawa nan take, wanda ake manna takalmi da shi. Wani masani a Amurka, Harry Coover, ya gano sinadarinsa a 1942. Daga baya aka gyara wani iri na musamman domin jikin mutum. An fi amfani da shi wajen rufe fata a maimakon zare.

To, danƙon yana aiki? Likitoci sun gwada shi a kan masu aikin tumbi, musamman a ƙasashen gabashin Asiya inda ciwon ya fi yawa. A wasu gwaje-gwajen ruwan da ke fita ta tiyo ya ragu, aka zare tiyon da wuri. A wasu kuma bambancin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ba a mai da shi dole ga kowane aiki ba. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne wannan: danƙo mataimaki ne. Ba ya maye gurbin ɗinki mai kyau da ɗaure jijiyoyi da kyau. Ba ya kashe ciwon daji, ba ya kuma hana shi dawowa.

Yana da tsada ƙwarai, kuma sai an ajiye shi cikin sanyi kamar allurar rigakafi. Wasu mutane kaɗan jikinsu ba ya karɓarsa. Don haka ba kowane asibiti ne yake ajiye shi ba. Kada iyali su ce an cuce su domin ba a shafa wa mutuminsu danƙo ba. Dubban mutane sun warke daga wannan aiki da zare da tiyo kawai. Kada kuma a yarda da wanda zai zo a ɓoye ya ce yana sayar da shi. Likitan da ya buɗe cikin shi ne ya san ko ana bukatarsa.

Gargaɗi mai muhimmanci: danƙon kasuwa na takalmi da na roba ba na jiki ba ne. Yana ƙona nama, yana kuma rufe ƙazanta cikin rauni. Kada a ɗiga shi a kan ciwo, ko na mutum ko na dabba. Haka nan ƙaro, da toka, da kashin shanu, ba a sa su a bakin aiki.

Aikin mai jinya a asibiti

Mai jinya shi ne idon likita da dare da rana. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da babban amfani a nan, domin yana iya rubutu da lissafi. Ga abin da zai yi:

1. Ya sami ɗan littafi. Kowace safiya ya rubuta kwanan wata, da yawan ruwan da ke cikin ledar, da launinsa.
2. Ledar ta kasance ƙasa da cikin mara lafiya, domin ruwa gangara yake bi.
3. Kada tiyo ya lanƙwashe, kada a kwanta a kansa, kada a ja shi.
4. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mara lafiya da bayan an taɓa shi.
5. Kada a ba shi fura, ko ruwa, ko jiƙo a ɓoye. Sai likita ya ba da izini. Ɗinkin hanji sabo ne.
6. A taimake shi ya tashi zaune, ya ɗan taka, da zarar likita ya ce a yi. Tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana kuma buɗe huhu.
7. In launin ruwa ya canja, ko jini ya fito da yawa, ko jiki ya yi zafi, a kira ma'aikacin lafiya nan take.

Bayan an koma gida

Tumbi ya ƙanƙance, ko babu shi. Saboda haka babu sauran cika ciki da tuwo sau ɗaya. A ci kaɗan-kaɗan, sau 6 zuwa 8 a yini, a tauna sosai. A fara da kunu da abinci mai laushi. Sannan a ƙara da ƙwai, kifi, wake da ya dahu lugub, nama mai laushi, da miyar zogale. Waɗannan su ne suke gina jiki su mayar da abin da ruwa ya fitar.

A rage sukari. Shayi mai zaƙi da lemun kwalba suna wucewa cikin hanji da gudu, su kawo jiri, zufa da zawo. Kada a sha ruwa da yawa tare da abinci. A bari sai bayan rabin awa.

Wanda aka cire wa tumbi duka yana bukatar bitamin B12 har iyakar rayuwarsa, galibi ta allura, domin tumbi ne yake taimaka wa jiki ya karɓe shi. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu. Sau da yawa ana ƙara masa da maganin ƙarin jini.

Kada ya ɗauki buhu, kada ya ja guga, kada ya riƙe hauya har mako 6 ko fiye, sai likita ya sallame shi. Wannan magana ce ta dangi duka. In aiki ya faɗo kusa da damina, ko lokacin dashen albasa, sai ƴan'uwa da maƙwabta su yi masa gayya. Game da azumi, ya nemi shawarar likita da ta malamai, domin addini ya yi wa mara lafiya sauƙi.

A koma asibiti da gaggawa in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, kumburin ciki, ruwa ko mugunya daga bakin aiki, amai da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, ko numfashi sama-sama. Ruwa yana iya taruwa ko bayan an zare tiyo. Likita yana iya ganinsa da na'urar hoton ciki, ya zuƙe shi da allura. A kuma kiyaye ranar komawa da aka rubuta a takarda, ko da mutum yana jin garau. Wasu ana ƙara musu da maganin ciwon daji na ƙarin ruwa, domin a kashe irin da ya ɓuya.

Abin da ke hannunmu

Danƙon likita yana hannun likita. Amma akwai abubuwa da yawa da suke hannunmu. Mu tsabtace ruwan sha, mu rufe randa, mu wanke hannu kafin cin abinci. Mu rage gishiri da dunƙulen miya. Mu bar taba. Allah ya hore mana kwarin Tarka da na Magiya, da gulaben da aikin raya karkara na Keita ya tare tun daga 1984. Albasa, tumatir, kabeji, karas, mangwaro da lemu duk muna nomawa. Kada mu kai su kasuwa duka. Mu bar rabon gida.

Ciwon cikin da ya wuce mako 2 yana damun mutum, musamman wanda ya haura shekara 40, na likita ne, ba na mai talla ba. Kuɗin mota zuwa asibiti yau ya fi sauƙi a kan sayar da gona gobe.

Muna roƙon malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin rijiya, da wurin taron mata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da damina mai albarka. Amin.